Sabbin abubuwa a fagen JavaScript: wanne za ka bi, wanne za ka bari ya wuce?

Wani ƙanena da ke koyon gina shafukan intanet a Kano ya turo mini tambaya. Ya ce wata takwas ke nan yana koyon React, ɗaya daga cikin kayan gina fuskar shafi da harshen JavaScript, ya gina ƙananan ayyuka uku da Create React App, sai ya ji an ce an daina amfani da Create React App ɗin. Kullum ya buɗe waya sai ya ci karo da sabon suna: yau Next.js, gobe Astro, jibi Svelte ko htmx. Yana so ya san abin da ke faruwa a zahiri a ɓangaren gaba na shafi, wato inda mai ziyara ke gani yana taɓawa, kuma ko wahalar da ya sha a kan React ta tafi a banza.

Ƙanena, kwantar da hankalinka, wahalarka ba ta tafi a banza ba. Sunayen ne suka yi yawa, amma kusan duk labari ɗaya suke bayarwa. Mun yi shekara goma muna loda wa wayar mai ziyara kaya, yanzu kuma ana sauke mata. Wani kayan an mayar da shi kan saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafi tana aiko wa mai ziyara, wani an ba injin da ke haɗa kod tun kafin a tura shi, wani kuwa burauzar ce da kanta ta ɗauke. Idan ka gane wannan, duk sabon sunan da ka ji za ka san inda za ka ajiye shi.

Bari in fara da yadda aka yi kayan ya taru, domin ruwa ba ya tsami banza. Google ya fitar da AngularJS a 2010, Facebook ya saki React ga jama'a a 2013, Evan You ya fito da Vue a 2014. Sun zo ne da mafita ga matsala ta gaske: shafuka sun fara zama manhajoji, kuma bin kowane lungu na shafi da jQuery kana gyara shi da hannu ya zama ciwon kai. Sai dai salon da ya biyo baya shi ne saba ta turo HTML wanda babu komai a cikinsa. Buɗe ɗaya daga cikin ayyukanka uku, ka duba asalin abin da saba ta aiko. Za ka ga div ɗaya tilo mai suna root, fanko, sai layin da ke kiran babban fayil na JavaScript. Har sai wayar ta sauke wannan fayil, ta karanta shi, ta fassara shi, ta gudanar da shi, sannan ta sake komawa ta roƙo bayanai, kafin mutum ya ga ko harafi ɗaya.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna auna nauyin JavaScript kamar nauyin hoto. Hoto mai kilobait 300 waya za ta sauke ta nuna, shi ke nan. JavaScript mai kilobait 300 matsattse ne, idan aka warware shi zai ninka sau uku ko fiye, kuma dole ƙwaƙwalwar wayar ta bi shi layi-layi a kan zare ɗaya, wanda shi ne dai zaren da ke amsa taɓawar yatsa. Muddin tana wannan aiki, ka danna maɓalli sau goma ba za ta kula ka ba.

Na ga wannan da idona. Shekarun baya mun gina wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa shafin rajistar mambobi. A kwamfutocinmu kamar walƙiya yake. Ranar da muka je nuna musu, wani dattijo mai sayar da hatsi ya miƙo wayarsa, ƙaramar itel mai tsagaggen gilashi, ya ce a buɗe masa a nan. Allo ya yi fari fat, muna tsaye muna kallo. Da fom ɗin ya fito ya danna wurin suna, shiru, ya sake dannawa, shiru, sai can madannin rubutu ya faɗo. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba sai in rubuta a takarda ba?" Fom ne mai gurabe bakwai, kuma mun tura masa kod ɗin da ya isa gina babbar manhaja. Mun koma mun sake shi da HTML na gargajiya da ɗan JavaScript kaɗan don duba lambar waya. Tun ranar ba na yanke hukunci a kan wani firamwok, wato kayan gina shafi irin su React, sai na gan shi a kan irin wannan waya. Tecno da Infinix da itel su ne a hannun mafi yawan mutanenmu, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane megabait da ka tura daga aljihun wani yake fita.

To, batun Create React App. Gaskiya ne, a Fabrairun 2025 masu kula da React suka sanar cewa kada a fara sabon aiki da shi. Amma shi ba React ba ne, kayan haɗi ne kawai da ke tattara fayilolinka. Abin da ka koya game da ɓangarorin shafi, da useState, da yadda bayanai ke gangarowa daga uwa zuwa 'ya'ya, duk yana nan daram. Ka koma Vite, wani kayan haɗin da Evan You ya fara a 2020. Ƙaura ce ta yini ɗaya ga ƙaramin aiki: ka fito da index.html daga jakar public ka ajiye shi a tushen aikin, ka sa masa layin da ke kiran fayil ɗinka na farko, fayilolin da ke ɗauke da JSX ka mayar da ƙarshen sunansu .jsx, sannan duk inda ka rubuta REACT_APP_ ka mayar da shi VITE_, kana karanta shi ta import.meta.env. Za ka ji bambancin tun daga kunnawar farko.

Babban labarin shekarun nan shi ne komawa gidan jiya, wato saba. A Disambar 2020 ƙungiyar React ta gabatar da ɓangarorin da ke gudana a kan saba kaɗai. Next.js na kamfanin Vercel ya fara kawo su ga jama'a a siga ta 13 a Oktoban 2022, sannan React 19 ya fito da su a tabbace a Disambar 2024. Ma'anarsu ita ce, ɓangaren da aikinsa kawai ɗauko bayanai da nuna su, kamar jerin kaya da farashinsu, ya yi aikinsa a kan saba ya turo sakamako, kod ɗinsa ba zai taɓa sauka a wayar kowa ba. Ɓangaren da ke buƙatar taɓawa, kamar maɓallin "saka a kwando", shi za ka rubuta wa "use client" a samansa, shi kaɗai za a tura. Tunani ne mai kyau, kuma wanda ya taɓa rubuta PHP zai ji kamar ya san wurin.

Amma zan gaya maka ra'ayina a fili: ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya yi gaggawar shiga nan ba. Iyakar da ke tsakanin kod ɗin saba da na burauza tana rikita har ƙwararru, ka'idojin adana sakamako a Next.js sun sauya daga siga zuwa siga, kuma yanzu sau da yawa kana buƙatar saba mai gudanar da Node.js, injin da ke tafiyar da JavaScript a wajen burauza, dare da rana, wadda galibi da dala ake biyan kuɗinta. Shafin da a da za ka ɗora kyauta a matsayin fayiloli zalla ya zama abin da ake yi wa lissafin wata. Ga kuma tsaro. A Disambar 2025 aka bankaɗo wata ɓaraka a wannan tsari, mai lamba CVE-2025-55182, wadda aka ba maki 10 cikin 10 na haɗari, domin mahari zai iya turo buƙata ɗaya ya gudanar da kod ɗinsa a kan sabarka ba tare da ya shiga da kalmar sirri ba. An toshe ta da sauri, amma duk wanda bai sabunta ba ya kwana ƙofa a buɗe. Da zarar kod ɗinka na gaba ya hau saba, nauyin gadin saba ya hau wuyanka.

Wanda ya fi burge ni a wannan layi shi ne Astro, da ya kai siga ta 1.0 a Agustan 2022. Shi ya juya lissafin ne gaba ɗaya: asali ba ya tura JavaScript ko kaɗan, sai inda ka ce masa. Shafin ya zama HTML tsantsa, da 'yan tsibirai a ciki masu motsi, kuma tsibirin zai iya zama ɓangaren React ɗin da ka riga ka iya rubutawa. Kana ma iya ce masa kada ya loda tsibiri sai mai karatu ya gangaro inda yake. Ga shafin jarida, ko makaranta, ko asibiti, ko kantin da ke nuna kayansa ana ciniki ta WhatsApp, wanda shi ne yawancin aikin da za a kawo maka, ban san abin da ya fi shi dacewa ba. htmx na Carson Gross kuwa na masu Django ko Laravel ne da ke son shafi ya ɗan motsa ba tare da sun gina manhaja ta biyu ba: saba ta turo guntun HTML, a liƙa shi inda ake so. Ka san da shi, ya isa haka a yanzu.

Wuri na biyu da aka kai kayan shi ne injin haɗa kod. Ka ɗauki kwandon sayayya, mutum ya ƙara buhun shinkafa daga 2 zuwa 3. A React na asali, ɓangaren da ke riƙe da wannan lamba zai sake gudana, 'ya'yansa ma su sake gudana, sannan a kwatanta sabon sakamako da tsoho a gano cewa lamba ɗaya ce da jimillar kuɗi suka canza. Shi ya sa muka yi shekaru muna yayyafa useMemo da useCallback a ko'ina don hana aikin banza, sau da yawa ma a inda ba su da amfani. Sauran firamwok sun bi wata hanya da ake kira siginal: kowace ƙima tana riƙe da sunayen waɗanda suka karanta ta, idan ta canza su kaɗai za ta taɓa. Solid na Ryan Carniato ne ya farfaɗo da wannan salo, Angular ya ɗauka a siga ta 16 a Mayun 2023, Svelte 5 na Rich Harris ya koma kansa a Oktoban 2024, Vue kuwa da ma haka cikinsa yake. Tsohuwar dabara ce, Knockout yana yin irinta tun 2010. Har an kai shawara gaban kwamitin TC39, mai tsara harshen JavaScript, a 2024, cewa a sa siginal a cikin harshen kansa, ko da yake maganar tana matakin farko-farko. React bai bi su ba. Ya fitar da React Compiler, wanda ya kai siga ta 1.0 a Oktoban 2025, shi ke duba kod ɗinka lokacin haɗawa ya sa waɗancan matakan hana maimaici da kansa. Amfaninsa gare ka shi ne ka rubuta React mai tsabta bisa ka'ida, ka daina haddace dabarun useMemo.

Labaran kayan aiki ba za su ɗauke mu lokaci ba. Ana ta sake rubuta su da harsunan da suka fi JavaScript gudu: esbuild da Go, SWC da Turbopack da Rolldown da Rust, Microsoft ma ya sanar a Maris 2025 cewa yana mayar da injin TypeScript, wato JavaScript mai bayyana nau'in kowace ƙima, zuwa Go, da alkawarin saurin da ya kai ninki goma. Wannan kwamfutarka yake sauƙaƙa wa, musamman idan tsohuwa ce kuma kana tseren kammala aiki kafin batir ya mutu. Mai ziyara ba zai ji komai ba. Ba sai ka koye su ba, wasunsu za su same ka a cikin Vite.

TypeScript ne kaɗai a wannan rukuni zan ce ka tsaya ka koya da gaske. Ya wuce matsayin yayi. Rahoton GitHub na 2025 ya nuna ya zama harshen da aka fi amfani da shi a dandalin, kuma tun siga ta 23.6 Node.js yana gudanar da fayil ɗin TypeScript kai tsaye, yana share bayanan nau'i kawai ya wuce. Da wuya ka shiga ƙungiyar aiki yau ka tarar ba shi suke rubutawa ba.

Wuri na uku shi ne wanda ba a cika yi masa shela ba, kuma ni a wurina ya fi sauran muhimmanci: burauzar kanta ta girma. Microsoft ya yi ritayar Internet Explorer a Yunin 2022, kuma da tafiyarsa aka huta da rabin dalilan da ke sa mu jawo laburare. Akwatin da ke buɗewa a tsakiyar allo, wanda a da sai ka sauke ƙunshi guda don shi, yanzu alamar dialog ce a HTML: ita ke tsare madannai a cikin akwatin, ita ke rufewa idan an danna Esc, kuma manhajar karanta allo ta makafi ta san da ita. Jerin zaɓi mai faɗowa yana da popover. Tambaya da amsa mai naɗewa tana da details da summary, babu layin JavaScript ko ɗaya. A CSS an sami :has(), wanda ke ba ka damar yi wa uwa ado bisa abin da ke cikinta, kamar ka ce duk gurbin fom da ke ɗauke da kuskure ya yi jan baki. Ya kammala shiga manyan burauzoji a Disambar 2023. An sami tambayar girman mazubi, inda kati ke daidaita kansa da faɗin wurin da aka sa shi maimakon faɗin allo. Kuɗi ma, maimakon ka nemo laburare don sa waƙafi a farashi, Intl.NumberFormat da en-NG da NGN zai fito maka da alamar naira da komai. Idan kana shakkar ko wani abu ya isa amfani, duba shafinsa a MDN, kundin bayanan fasahar gina shafuka na Mozilla, akwai tambarin Baseline da ke gaya maka ko duk manyan burauzoji sun karɓe shi da kuma tun yaushe. Ka ɗan yi hattara da waɗanda suka shigo kwanan nan, domin wayoyin mutanenmu sukan daɗe ba a sabunta burauzarsu ba, wasu kuma Opera Mini suke amfani da ita.

Wannan ilimi shi ne ba ya tsufa. AngularJS da muka sha wahalar koyo an daina tallafa masa a ƙarshen 2021, Vue 2 a ƙarshen 2023. Amma fom ɗin HTML da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce yana aiki yau. Haka idan aka kawo maka tsohon shafi mai jQuery yana aikinsa lafiya, kada ka rushe shi don kawai ka ji an ce ya tsufa. A bar kaza cikin gashinta, ka gyara abin da ya lalace.

Kana kuma da ma'auni, ba sai ka dogara da gardamar mutane ba. A Maris 2024 Google ya sa INP cikin manyan ma'aunansa na ingancin shafi. Yana auna tsawon lokacin da ke tsakanin taɓawar mutum da canjin da ya gani a allo, kuma mai kyau shi ne kada ya wuce milisakan 200. Babban abin da ke shafin kuma ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Wannan INP shi ne ainihin abin da dattijon nan ya fuskanta lokacin da yake danna gurbin suna. A kayan binciken Chrome za ka iya rage gudun ƙwaƙwalwa sau huɗu ko shida, ka rage gudun intanet, ka gani. Amma gani ya kori ji: waya ta gaske ta fi.

Akwai labari ɗaya da ba na so ka tsallake, shi ne na npm, rumbun da muke sauke ƙunsoshin kod ɗin JavaScript da wasu suka rubuta. A Satumbar 2025 aka yaudari wani mai kula da ƙunsoshi da saƙon imel na bogi mai kama da na npm, aka karɓe asusunsa, aka cusa mugun kod a cikin chalk da debug da wasu, waɗanda kusan kowane aikin JavaScript ke jawowa ko mai shi bai sani ba. Kod ɗin yana sauya adireshin asusun kuɗin kirifto a burauza. A watan dai aka ga wata tsutsa da aka laƙaba wa Shai-Hulud, mai satar makullan sirri daga kwamfutar mai gini ta yi amfani da su ta harbi wasu ƙunsoshin. Kafin nan, a 2024, adireshin polyfill.io ya sauya hannu, shafuka sama da 100,000 da ke kiran fayil daga can suka wayi gari ana tura wa maziyartansu abin da ba su sani ba. Don haka ka riƙa ajiye package-lock.json cikin ma'ajiyar aikinka, ka yi amfani da npm ci wajen ɗorawa, kada ka yi rige-rigen sabunta ƙunshi a ranar da ya fito sai idan gyaran tsaro ne, kuma kafin ka jawo sabo ka tambayi kanka ko layi ashirin na hannunka za su wadatar.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta kod, yi amfani da su, ni ma ina yi. Sai dai ka lura, daga tsofaffin rubuce-rubuce suka koya, don haka sukan miƙo maka React ko ba ka nema ba, wani lokaci da Create React App ɗin da kake ƙoƙarin bari, da useEffect a inda bai kamata ba. Wanda bai san tushe ba ba zai gane an ba shi tsohon yayi ba.

Saura abu guda da babu wani taron ƙasashen waje da zai tuna maka, shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Da yawa daga cikin kyawawan salon rubutu da ake saukewa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai burauza ta aro su daga wani salo, kalma ta fito da harafi ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa kamar an yi faci. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ƙwaƙwalwa" da "ɓangare" da "ɗaɗɗaya" ka zura musu ido, da manyan baƙaƙe da ƙanana. Sai akwatin bincike. Dabarar da za ka gani a ko'ina ta normalize da NFD tana cire alamar da ke kan é ta Faransanci, amma ba ta taɓa ƙ ko ɗ, domin a Unicode haruffa ne masu zaman kansu, ba k da d ne da aka ɗora wa alama ba. Mafi yawan mutane kuwa "kasa" za su rubuta suna neman "ƙasa". Dole ka rubuta ɗan teburinka da ke mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, sannan ƴ da 'y duka zuwa y, tunda Nijar da Najeriya sun bambanta a nan, ka bi da shi a kan abin da aka rubuta da abin da ake nema. Ka kuma sa lang="ha" a saman shafin.

Don haka ka zauna a kan React, shi ne ya fi yawa a tallan aiki, na gida da na nesa. A makon nan ka ɗauki ɗaya daga cikin ayyukanka uku ka mayar da shi Vite da TypeScript. Na biyu ka sake gina shi da Astro, ka buɗe sashen Network ka kwatanta abin da kowanne ke turawa. Sannan ka ari wayar da ta fi kowace tsufa a gidanku, ka kashe Wi-Fi, ka buɗe su duka biyun da data, ka miƙa wa Umma ko Baba ba tare da ka yi musu bayani ba, ka tsaya a gefe ka ga inda yatsansu ya tsaya yana jira. Abin da ka gani ka turo mini, daga nan za mu san ko lokacin Next.js ya yi.